Ina zan samu iri da dashe alhali an kulle gari?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya a lokacin da ake fama da korona, ga ta a taƙaice, da amsar da na ba ta a lokacin. An sa dokar kulle a inda take saboda annobar korona, sanyi ya fara janyewa, lokacin shuka ya ƙarato, wuraren sayar da iri da dashe a rufe suke. Kamfanonin da ta duba a intanet, wasu sun daina karɓar oda, wasu sun ce sai bayan makonni kaya zai iso. Tana da ɗan fili a bayan gida da 'yan tukwanen shuka. Me za ta yi kada lokaci ya wuce ta?

Malama, ki fara kwantar da hankalinki a kan abu ɗaya: irin bai ƙare ba. Irin da ake sayarwa bana, bara ko bara waccan aka noma shi, aka shanya, aka tace, yana jibge a rumbunan kamfanoni tun kafin a ji sunan dokar kulle. Abin da ke tsayawa shi ne hannun da zai auna shi ya zuba a 'yar takarda, da motar da za ta kawo miki. An ga haka ƙarara a 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris, daidai lokacin da masu lambu a ƙasashen arewacin duniya ke shirin shuka. Mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka yi ca a kan kamfanonin iri, ga ma'aikata an rage su don a ba da tazara. A Amurka, kamfanin iri na Johnny's Selected Seeds ya dakatar da odar masu lambun gida na wani lokaci don ya fara sallamar manoman da sana'arsu ke nan, kamfanin Burpee ma ya tsayar da karɓar sabuwar oda na 'yan kwanaki. A jihar Mishigan, cikin watan Afrilu, har an umarci manyan shaguna su killace sashen kayan lambu, kafin a janye umarnin a ƙarshen watan. A Ingila an kulle ranar 23 ga Maris, cibiyoyin sayar da tsirrai ba su buɗe ba sai 13 ga Mayu, masu reno da yawa suka zubar da dashen da suka sha wahala a kansa don babu mai saye. Duk da haka daga baya oda ta ci gaba da fita. Jinkiri aka samu.

To jinkirin nan shi ne matsalarki ta gaskiya, domin ƙasa da rana ba sa jiran mai kawo saƙo. Shawarata ita ce kada ki zauna jiran ambulan. Ki sa odar idan kin samu inda ake karɓa, amma yau ɗin nan ki fara da abin da ke hannunki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ki tattaro duk wata tsohuwar takardar iri da ke gidan, ko da kwanan watan da ke jikinta ya wuce. Wannan kwanan wata ba irin na magani ba ne. Yana nuna shekarar da aka zuba irin ne, ko lokacin da kamfani ke da tabbacin ƙarfinsa. Iri abu ne mai rai da ke barci, ƙarfinsa kuma a hankali yake raguwa, kowane da saurinsa. Irin albasa shi ya fi saurin mutuwa, bayan shekara ɗaya ba a cika dogara da shi ba. Masara mai zaƙi takan yi shekara ɗaya zuwa biyu, barkono da tattasai wajen biyu, karas da wake wajen uku. Tumatir da kabeji sukan kai huɗu, kokwamba da kankana har biyar, idan an ajiye su a wuri mai sanyi marar laima. Waɗannan ƙiyasi ne kawai. Na ga irin tumatir da ya wuce haka nesa ya tsiro lafiya, na kuma ga na bara da ya mutu murus don an bar shi kusa da murhu.

Saboda haka gwaji ya fi ƙiyasi, kuma ba ya cin komai. Ki ɗauki takarda mai shan ruwa ko ƙyalle mai tsabta, ki jiƙa, ki matse har ya daina ɗiga. Ki ƙirga ƙwaya 10 ki jera a kai, kowace da ɗan tazara, ki naɗe, ki sa a leda, ki bar bakin ledar a ɗan buɗe don iska. Ki rubuta sunan irin da kwanan wata a jiki, don bayan kwana biyar duk naɗin kama ɗaya suke yi. Ki ajiye a wuri mai ɗumi, ki riƙa buɗewa kullum. Abin da za ki fara gani shi ne ƙwayar ta kumbura, ɓawonta ya tsage, wani farin zare ya leƙo, wannan ita ce saiwa. Wake da latas sukan nuna cikin kwana uku zuwa biyar, tumatir wajen mako, barkono da karas sai an yi musu haƙuri har mako biyu ko fiye. Idan 8 cikin 10 suka tsiro, irinki garau yake. Idan 5 ne, ki shuka ninki biyu na abin da kika saba. Idan bai kai 3 ba, kada ki ba shi fili, domin waɗanda suka tsiro ma galibi raunana ne. Ƙwayoyin da suka tsiro a gwajin kuma ba asara ba ne, ki ɗauke su a hankali ki binne a tukunya.

Daga nan ki shiga ɗakin girki. Busasshen wake da aka saya don ci yakan tsiro, muddin cikakkiyar ƙwaya ce, ba a ɓare ba, ba a turara ba, ba a soya ba. Haka hulba, haka ɗanyar gyaɗa, haka masarar gugguru. Shinkafar da aka casa ba ta tsirowa, an cire mata wurin tsiron. Tumatir da ya nuna sosai yana ba da iri mai kyau. Ki matse 'ya'yan da ruwansu a kofi, ki bar su kwana biyu zuwa uku har su ɗan yi tsami, wannan ke narkar da yauƙin da ya lulluɓe ƙwayar, wanda shi ke hana ta tsiro tun tana cikin tumatir. Sai ki ƙara ruwa, masu kyau za su nutse, ki zubar da na sama, ki shanya a faranti a inuwa. Idan sauri kike, ki goge yauƙin da takarda ki shuka nan take, zai fito. A wajen tattasai da barkono, ki ɗauki iri daga wanda ya yi ja ko ruwan ɗorawa. Koren tattasai ɗanye ne aka tsinka, 'ya'yansa ba su ƙosa ba. Haka kokwambar da ake ci, tun tana ɗanya ake cire ta, irin cikinta ba ya yi.

Akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki sa rai da yawa. Yawancin tumatir da tattasan da ake sayarwa daga irin da aka yi wa aure suke, wanda za ki ga an rubuta F1 a takardarsa. An haɗa iyaye biyu daban ne aka samu 'ya'ya masu kama ɗaya. Idan kika shuka 'ya'yan waɗannan, halayen kakanni za su warwatsu a cikinsu, wani ya yi manyan 'ya'ya, wani ƙanana, wani ya rasa juriyar cutar da uwar ke da ita. Masu sayar da iri sukan faɗi wannan kamar wani bala'i, alhali ga mai lambun gida ba wani abin tashin hankali ba ne. Tumatir dai za ki samu, mai ciwuwa, sai dai ba lallai ya yi kama da wanda kika yanka ba. A shekarar da babu zaɓi, ni zan shuka shi ba tare da wani ɗar ba.

Inda nake jan kunne shi ne dangin kabewa. Su ƙwari ne ke ɗaukar musu ƙurar fure daga wannan shuka zuwa waccan, suna kuma saurin haɗuwa da 'yan uwansu, har da waɗanda ake shukawa don ado. Irin da aka ɗiba daga kabewar da ba a san maƙwabtanta a gona ba yakan iya fitar da 'ya'ya masu ɗaci. Ɗacin nan wani sinadari ne da ake kira kukurbitasin, dafuwa ba ta kashe shi, yana sa amai da gudawa mai tsanani. Idan kin shuka irin wannan, ki ɗanɗana ɗan yanki ɗanye da bakin harshe kafin ki dafa. In kin ji ɗaci, ki tofar, ki tumɓuke shukar gaba ɗaya.

Wasu abubuwan ba ma sa buƙatar iri. Reshen na'a-na'a ko ɗoɗɗoya, ki cire ganyen ƙasa ki tsoma a kofin ruwa kusa da taga, ki riƙa canza ruwan, cikin mako ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa. Gindin albasa mai lawashi, in kin bar masa saiwarsa kika binne, zai sake toho. Citta mai ido takan tsiro a tukunya in akwai ɗumi. Dankalin Hausa guda ɗaya, a binne rabinsa a ƙasa mai laima a wuri mai ɗumi, zai fitar da rassa da dama, kowane reshe in ya kai tsawon tafin hannu a ɓalle shi a dasa. Tafarnuwa ma tana tsirowa, amma yawancin nau'o'inta sai sun sha sanyi na makonni kafin kai ya rabu sala-sala, shi ya sa a ƙasashe masu sanyi ake binne ta tun kaka. In kin shuka yanzu, ki sa ran ganye da ɗan dunƙule guda, ba cikakken kai ba.

Dankalin Turawa na kasuwa shi ne nake ɗan ja baya da shi. A wurare da yawa ana yi masa maganin hana toho don ya daɗe a ajiye, sai ki binne ya ƙi fitowa ko ya fito a gurgunce. Wanda ya yi toho da kansa a kwando ya tsallake wannan, amma saura cuta. Dankali ba ƙwayar iri ba ne, yanki ne na jikin uwar, duk cutar da take ɗauke da ita yana tafe da ita, wasu kuma sukan zauna a ƙasa shekaru. Idan dole ne, ki shuka shi a buhu ko bokiti, nesa da tumatir tunda danginsu ɗaya kuma cutarsu ɗaya, ƙasar kuma kada ki juye ta a lambu bayan girbi.

Yanzu maganar mutane. Duk mai lambun da ya daɗe yana da rarar iri, domin takarda ɗaya ta latas ko karas tana ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyi, babu mai shuka su duka. Masu renon tumatir kuma kusan kullum sukan rena fiye da filinsu. Ki yi cigiya ta waya ko a zauren WhatsApp na maƙwabta, ki faɗi abin da kike nema da abin da kike da shi na musaya. Ba sai an haɗu ba, mai bayarwa ya ajiye a ƙofa, ke ki ɗauka bayan ya tafi. Korona cutar numfashi ce, haɗarinta na tsayawa kusa da juna ana hira ne, ya fi na taɓa takarda ko tukunya nesa ba kusa ba. Wanke hannu da sabulu ya wadatar. Kada ki fesa wa dashe sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ko ruwan bilic, ƙona ganyen kawai zai yi. Abin da ya fi cancanta ki duba a jikin dashen kyauta shi ne bayan ganye, inda ƙananan ƙwari da ƙwansu ke ɓuya. Ki ware shi gefe na mako guda kafin ki haɗa da naki.

In maƙwabcinki ya riga ki dasa tumatir, ki roƙi 'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganye, waɗanda dama cirewa ake yi a zubar. Reshe mai tsawon yatsa ko fiye, a ruwa ko a ƙasa mai laima, yakan yi saiwa cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma kwafin uwarsa ne sak, ko da F1 ce. Wannan dabara tana maido miki da makonnin da kika rasa, ban san wata da ta fi ta sauri ba ga wanda ya makara.

Ta ɓangaren saye, kada ki tsaya a kan manyan kamfanonin da kowa ya sani, su ne layinsu ya fi tsawo. Shagunan abinci da na kayan gini da na abincin dabbobi, waɗanda dokar kulle takan bari a buɗe, sau da yawa suna da 'yar kantar iri a wani lungu. Masu renon dashe kuma, ko ƙofarsu a rufe take, suna ciki suna ban ruwa, kuma sun fi ki matsuwa kayan su fita, tunda dashe ba ya ajiyuwa. Ki buga musu waya. Da yawa sukan kawo har gida ko su ajiye miki a bakin ƙofarsu, gwargwadon abin da dokar wurinku ta yarda. Idan nau'in da kike so ya ƙare, ki karɓi wanda ake da shi. Bana ba shekarar tsirfa ba ce.

Ki guji masu sayar da iri a manyan kasuwannin intanet waɗanda ba a san ko su wane ne ba, musamman masu hoton tumatir shuɗi ko fure mai launi bakwai. Mafi sauƙin abin da zai same ki shi ne ciyawa ta fito. Mafi muni shi ne ki shigo da cuta ko muguwar ciyawa daga wata ƙasa, dalilin da ya sa ƙasashe da yawa ke neman takardar shaidar lafiyar tsirrai kafin iri ya ƙetare iyaka. A watan Yulin 2020 mutane a jihohin Amurka da wasu ƙasashe suka riƙa samun ƙunshin iri ta gidan waya, yawanci da alamar daga Sin suka fito, ba tare da sun san da zuwansa ba, har Ma'aikatar Noma ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su shuka. Irin da ba ki san asalinsa ba, ki bar shi a rufe ki sanar da hukumar noma. Sannan in kin ga iri mai launin hoda ko kore ko shuɗi, magani aka shafa masa, na shuka ne kawai, a nisanta shi da yara da kaji.

Abin da zai yanke miki hukuncin me za ki jira, me za ki haƙura da shi, lissafin kwanaki ne. Tumatir yana son mako 6 zuwa 8 a reno kafin a fitar da shi fili, barkono da tattasai da gauta 8 zuwa 10, kuma ba a fitar da su sai sanyin da ke daskarar da raɓa ya wuce gaba ɗaya. Idan odarki sai bayan wata guda za ta iso, ki haɗa watan da makonnin reno da kwanakin nuna da aka rubuta a takarda, ki ga ko za ki girba kafin sanyi ya dawo. Ki lura, a wajen tumatir da barkono kwanakin nan daga ranar dashe ake ƙirga su, ba daga ranar shuka ba. In lissafin bai fita ba, waɗannan su ne za ki nema a dashe. Sauran kuwa ba su da wannan matsala. Wake, kokwamba, kabewa, masara da kuɓewa kai tsaye ake shuka su bayan ƙasa ta yi ɗumi, jinkirin mako uku ba ya cutar da su, sau da yawa ma wanda aka shuka a ƙasa mai ɗumi yakan kamo wanda aka yi gaggawar binnewa cikin sanyi. Latas da alayyafo da karas ana iya shuka su kashi-kashi, duk bayan mako biyu. Latas dai ki yi shi da wuri, domin in ƙasa ta yi zafi sosai ƙwayarsa ƙin tsiro take yi.

Kayan reno ba abin damuwa ba ne. Kofin roba, gwangwani, gindin gorar ruwa, duk suna yi, sharaɗin kawai a huda ƙasansu ruwa ya riƙa fita. Ƙasa ce ke da ɗan aiki. Ta lambu zalla takan dunƙule a cikin kofi ta hana saiwa numfashi, sai ki tankaɗe ta ki gauraya da ruɓaɓɓen takin da ya huce sarai da ɗan yashi mai tsakuwa. Zurfin shuka ninki biyu zuwa uku na kaurin ƙwayar, ƙananan kamar latas a ɗan danna su a sama kawai. Tumatir ya fi son ɗumin digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos kafin ya fito, barkono ya fi son abin da ya ɗara haka kaɗan.

Da zarar tsiro ya leƙo, haske yake nema fiye da ɗumi. Tsiron da bai samu haske ba yakan zama dogo siriri fari-fari, ya karkata wajen taga. Ki kai shi tagar da ta fi samun rana, ki riƙa juya kofin. Abin da ya fi kashe dashe a hannun sababbin masu lambu kuma shi ne yawan ruwa. Za ki kwanta da tsirrai a miƙe, ki tashi ki tarar sun zube, in kin duba gindin daidai bakin ƙasa ya tsuke ya yi baƙi kamar zare. Wasu ƙwayoyin cuta ne na cikin ƙasa da ke samun dama idan laima ta yi yawa iska ta yi kaɗan, kuma wanda ya faɗi ba ya tashi. Ki bari saman ƙasar ya ɗan sha iska kafin ki sake ba da ruwa, ki zuba ruwan a faranti ƙarƙashin kofi ƙasa ta ja da kanta, ki rage cunkoso tun suna ƙanana. Tumatirin da ya riga ya yi tsawo ba a zubar da shi, a binne karan har kusa da ganyen farko, zai yi saiwa a duk inda ƙasa ta taɓa.

Kafin dashe ya koma fili, ko naki ne ko wanda aka kawo miki a kwali, sai an saba masa da waje na kwana 7 zuwa 10. Ranar farko awa ɗaya ko biyu a inuwa inda iska ba ta kaɗawa, kullum a ƙara, har ya iya wuni a rana ya kwana a waje. Wanda ya zo ta gidan waya ya yi kwanaki cikin duhu, ki buɗe shi nan take, ki ba shi ruwa, ki bar shi a inuwa kwana biyu ko uku kafin komai. Ki yi dashen da yamma ko ranar da hadari ya rufe rana.

Irin da ya rage miki, da wanda zai iso bayan lokacinsa ya wuce, ki tabbatar ya bushe, ki sa a kwalba mai murfi, ki ajiye a wuri mafi sanyi da duhu a gidan. Masana iri suna da wata ƙa'ida ta ƙiyasi, cewa duk ragin digiri 5 na zafin wurin ajiya yana kusan ninka tsawon rayuwar iri, haka ma ragin kashi 1 cikin 100 na laimar da ke cikinsa. Idan a firji kika sa kwalbar, ki bari ta huce ta dawo daidai da ɗumin ɗaki kafin ki buɗe murfin, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan irin. Daga shukar bana kuma ki ware gindi biyu na wake da na latas da tumatirin da ba F1 ba, ki bar su su ƙosa sosai ki ɗebi iri. Su ukun nan galibi da ƙurar furensu suke yin 'ya'ya, don haka abin da kika ɗiba zai fito kamar uwarsa baɗi.